Akushin Inna a Hannun Likitan Shanu

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yaya Aisa ta aiko tun da hantsi wai in zo maza, akwai mara lafiya. Na ɗauka akuyarta ce, don tun da na ajiye aikin allurar dabbobi ba a nemana sai akuya ta kumbura. Na je na tarar da akuya tana tuƙa lafiya lau, Yaya kuma zaune tsakar ɗaki da akushin Inna a cinya.

Gari ne ya zubo daga gindinsa, fari, mai laushi, ya taru a kan kantar da take ajiye shi. Da na ɗaga shi wajen haske sai ga 'yan huji ko'ina, kamar an bi shi da tsinke. Na danna gindin da babban yatsa, yatsa ya ɗan shiga. Ashe ƙwaron itace ya daɗe yana shagali a ciki, mu muna waje muna yaba baƙinsa.

Na ce Yaya, itace ne fa, ya girme ni ya girme ki, a sayi sabo ranar kasuwa. Irin kallon da ta yi mini, ban maimaita ba.

Na san abin da ya tayar mata da hankali. Ramla ce. 'Yata tana da cikin fari, ƙarshen Mayu in Allah ya yarda, kuma nan gida za ta zo ta haihu. A gidanmu kuwa, tun daga kakarmu, duk macen da ta haihu a cikin akushin nan take cin tuwon ranar suna, babbar macen gida ce kuma ke miƙa mata. Inna ta ci a ciki ranar sunana. Kadija, matata, ta ci ranar sunan Ramla. Yanzu babbar mace Yaya ce, ta daɗe tana jiran wannan rana, ga akushi yana komawa gari.

Al'adun mata dai. Amma na ce zan duba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na ɗauki hotonsa ta kowane gefe na tura wa Ramla. Ashe aikinta ke nan. Na san tana gidan adana kayan tarihi a Yamai, amma a zatona ƙura take kaɗewa tana rubuta sunaye a 'yan takardu. Kunya ta ɗan kama ni, ban nuna ba.

Ta ce kada a wanke, kada a fesa fiya-fiya, kada kowa ya danna shi da yatsa (ban gaya mata an riga an danna ba). Ana iya ceto shi. Da farko a kashe ƙwarin, sannan a ɗura wani irin ƙaro cikin hanyoyin da suka haƙa, in ya bushe ya riƙe itacen daga ciki. Na tambaye ta da me ake ɗurawa.

"Da allura, Baba. Duk Dakoro wa ya hi ka?"

Yarinyar nan ta san inda take kama ni.

Sai kuma ta rage murya. In an gama akushin zai tsaya, amma ba zai ƙara ɗaukar abu mai zafi ba, ba ruwa, ba mai. Wato ba tuwo. Na ce wannan mu bar shi tsakaninmu tukuna, a fara ceto mara lafiya, Yaya a gaya mata daga baya. Daga baya dai.

Asabar, 12 ga Afrilu

An kawo mara lafiya gidana. Na ce a ɗaure shi bayan moto, wato babur ɗina, Yaya ta ce sai dai a ɗaure ni. Ta shimfiɗa tsumma cikin daro, ta kwantar da shi, ta ɗora a ka, ta ratso gari da ƙafa cikin wannan zafi, ni ina biye ina tura moto. Masu shayin bakin hanya suna tambaya ko biki ake ba a gaya musu ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Rana ce maganin ƙwarin, in ji Ramla. Na naɗe shi da farin ƙyalle, na sa cikin baƙar leda na ɗaure, na ƙara farar leda a kai, na ɗora kan bulo a tsakar gida inda ba inuwa. Ta ce a wasu ƙasashe sai an nemi injin sanyi ko na zafi, mu kuwa Allah ya ba mu Afrilu kyauta.

Yaya ta iso da mazarinta da audugarta, ta zauna ƙarƙashin bedi, bishiyar dogon yaro, tana kaɗi tana gadi. Bayan azahar na ɗan kishingiɗa. Da na fito, me zan gani? Tana tsaye cikin rana, gumi na zuba, ta riƙe faifai a saman ledar tana yi masa inuwa. Wai tausayi yake ba ta, tunda aka sassaƙa shi ba a taɓa barinsa a rana ba. Na ce Yaya, wannan inuwar ƙwari kike yi wa. Ta koma gindin bedi tana gunaguni, amma na lura kujerarta tana matsowa kaɗan-kaɗan.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun kwance. Ga su nan a kan ƙyallen, 'yan mitsi-mitsi, matattu. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta murtsuke da farce duk da haka.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Samba direba ya kawo saƙon Ramla. Na yi tsammanin wani babban abu, sai ga ƙullin 'yan ƙwayoyi masu haske kamar ƙaron da yara ke tsinka a jikin itace, da gwangwanin wani ruwa mai suna aseton, da allurai sirara. A cikin ruwan ake narkar da ƙwayoyin. Warinsa irin na abin goge farcen 'yan mata ne, yana hawa kai, kuma ba ya shiri da wuta ko kaɗan. Sai da Kadija ta ɗauke murhunta zuwa can bayan ɗaki, tana faɗin wai yau akushi ya kori tukunya.

Na zuba a kwalba na rufe. Ƙwayoyin sun ƙi narkewa, sun dunƙule a ƙasa suna kallona. Ramla ta ce haƙuri, gobe.

Na wuni ina share hujin da gashin kaza. Yaya ta ce ba haka ake riƙe akushi ba. Ta ce haka jiya ma.

Litinin, 21 ga Afrilu

Allurar farko.

Da sanyin safe ake yi, don in rana ta ɗaga ruwan yana tashi kafin ya shiga. Na kifa akushin kan matashi, na ja ƙaron mai ruwa-ruwa, na sa bakin allura cikin huji na tura a hankali. Itacen ya sha. Wallahi sha ya yi, ana ganin wajen yana yin duhu yana bazuwa ta ciki, sai ga shi ya leƙo ta wani hujin can nesa. Hanyoyi ne a ciki kamar unguwa.

Na yi wa shanun Fulani da raƙuman Buzaye allura tun ina saurayi, daga nan har iyakar arewa, an harbe ni, an tunkuye ni, wani raƙumi ya taɓa cizona a kafaɗa. Yau ne na fara samun majinyacin da ya kwanta shiru. Daɗi ya kama ni har na sami kaina ina yi masa irin sautin da nake wa saniya don ta natsu. Kadija ta ji. Za ta daɗe tana ba da labari.

In an gama sai a rufe da leda, don ya bushe sannu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na ƙwanƙwasa gindin da farce. Ya amsa. A da shiru yake yi kamar an taɓa burodi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Gindi ya kusa, saura ciki da baki. Bakin shi ne mafi rauni, ƙwarin sun bar fata kawai. Inda aseton ya taɓa ya ɗan yi fari-fari, Ramla ta ce ba komai, za a goge daga ƙarshe.

Yaya kullum tana nan, kafin in gama karin kumallo ta yi sallama. A 'yan kwanakin nan na gan ta fiye da yadda na gan ta bara gaba ɗaya. Maganar tuwo har yanzu ban yi ba. Yau na buɗe baki, sai ta fara ba ni labarin irin miyar da za ta yi ranar suna, na rufe.

Abarci, tsohon abokina makiyayi, ya aiko daga wajen Birnin Lalle, saniyarsa ta kwanta ta ƙi tashi. Gobe zan je, akushi ya huta kwana biyu.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na dawo da la'asar, saniyar Abarci ta tashi, an cika mini jaka da cuku, raina fari tas. Na ɗaga leda.

Akushi yana ƙyalli. Baƙi wuluk, yana ƙamshin man shanu, har kiyashi sun fara zuwa gaisuwa. A bakinsa kuma giɓi, faɗin 'yan yatsu, daidai inda allura ba ta kai ba.

Kadija ta ba ni labari. Jiya Yaya ta ɗaga ledar, ta ga farin nan, ta ce an bar shi ya yi furu-furu kamar yaron da ba a shafa wa mai. Ta koma gida ta ɗauko man shanunta mai kyau, wanda take ɓoyo, ta shafe shi ciki da waje yadda Inna ke yi duk wata, ta ɗan ajiye shi a rana don ya sha. Tana cikin murza bakin ne ɓallin ya biyo hannunta. Sannan ta ƙulle shi a bakin mayafi ta fita ba sallama, har ta bar mazarinta.

Na gwada allura. Ƙaron ya dawo waje, mai ya narke ya cika hanyoyin.

Na yi faɗa. Da wa? Da bango, da kaza, da Kadija da ba ta hana ba. Ta bar ni na gama sannan ta tambaye ni ko na taɓa gaya wa Yaya kada ta shafa mai. Na ce na hana wanki, na hana fiya-fiya. Ta ce mai fa? Ban hana ba. Da na ambaci mai, da sai na ambaci tuwo.

Talata, 29 ga Afrilu

Da na gaya wa Ramla a waya, sai na ji tana dariya, irin wadda ke kusa da kuka. Ta ce tsohon man da ya bushe a fatarsa ba ya hana komai, sabon da ya shiga hujin ne matsala. Sai an jawo shi waje da auduga da aseton, kaɗan-kaɗan, huji bayan huji. Zai yiwu kafin suna? Ta ce in hannuna biyu ne kawai, da wuya.

"Kuma kak ka yi ma Gwaggo hwaɗa, Baba. So ne ya sa."

Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Alhamis, 1 ga Mayu

Yaya ba ta zo ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Ba ta zo ba. Ba mai ce mini ba haka ake riƙewa ba, aikin ma ya ƙi daɗi. Ga audugar da nake naɗawa a tsinke, ko ta zame ko ta yi ƙato, ta bar gashi cikin huji. Hannun da ya saba da wuyan bijimi ne.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na kwashi tsinkaye da auduga da mazarinta na tafi gidanta. Tana kwance fuska ga bango, wai zazzaɓi. Na yi mata sannu, ban ambaci akushi ba. Na zauna bakin ƙofa inda za ta iya ganina, na shiga naɗa auduga. Ban ma sha wahalar lalatawa ba, da ma haka nake yi. Na naɗa wani ya fito kamar kan tabarya. Na naɗa wani ya faɗi ƙasa, na ɗauka na hure na ci gaba.

Ta juyo. Ta sake juyawa. Can ta tashi zaune.

"Kawo nan, ɓarnar auduga kakai."

Yatsu biyu, murza ɗaya, ga shi siriri, sumul, kamar a kanti aka saya. Matar da ta yi kaɗi tun kafin a haife ni. Ta yi tuli guda, sannan ta kwance bakin mayafi ta ajiye ɓallin a gabana.

"Ni na kashe shi, Ɗan'azumi."

Na ce bai mutu ba, na ga shanun da suka fi shi lalacewa sun tashi sun yi kiwo. Na ce laifin ma nawa ne da ban yi bayani ba. Ta yi kuka sosai. Tausayinta ya cika ni har na rasa inda zan sa ido. Rabon da in ga kukan Yaya tun rasuwar Inna.

Gobe za ta zo. Wai don kada in ƙarar da audugar duniya.

Laraba, 7 ga Mayu

Ita tana naɗawa, ni ina gogewa. Audugar tana fitowa rawaya, a jefar a ɗauki wata. Aiki ne na marasa gaggawa.

Tana yi tana karanta mini jikin akushin. Itacen danya ne, wani masassaƙi ya yi wa kakarmu lokacin aurenta. Ɗinkin wayar nan na gefe, gyartai ne ya yi a shekarar yunwa da gidanmu ya yi kudu, jaki ya faɗi da kaya. Baƙin tabon nan kuma wai ni ne, ina rarrafe na ja shi bakin murhu don in lashe miya. Na ce ban tuna ba, saboda haka ba a yi ba. Ta ce akwai shaida a gwiwata ta hagu. Na duba da na shiga ɗaki. Akwai.

Asabar, 10 ga Mayu

Ramla ta iso, mijinta Yazidu ya rako ta. Ta yi nauyi, ta yi kyau, tana tafiya tana riƙe baya. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce ina majinyaci. Amma mai ciki ba ta shaƙar aseton, don haka aka ajiye mata kujera can gindin bedi, muna ɗaga mata shi daga nesa tana ba da umarni. Ta ce aikin gindin ya yi kyau ƙwarai. Na ce a maimaita da ƙarfi Kadija ta ji.

Audugar ta fara fitowa fara. Da yamma na gwada allura a baki, ya sha.

Talata, 13 ga Mayu

An mayar da ɓallin. Mun cika daro da yashi, muka kafa akushin a ciki bakin giɓin yana sama, na shafa ƙaro mai kauri, Yaya ta ɗora ɓallin da hannunta. Ta riƙe ba ta ko numfashi sosai, Ramla daga nesa tana cewa kaɗan hagu, Gwaggo, kaɗan kuma. Ya zauna daram. Sai wanda ya sani zai ga layin.

Kadija ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya mace ko namiji.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau ta fashe.

An gama, an goge farin, ya koma baƙinsa. Yaya ta ɗaga shi ta juya, ta ƙwanƙwasa, fuskarta kamar ranar sallah. Sai ta tambaya yaushe za ta wanke shi, don warin maganin ya fita kafin tuwo. Ramla ta dube ni. Ni kuma na dubi kaza.

Ramla ce ta faɗa mata, a hankali, da ladabi. Zafi zai sassauta ƙaron, ruwa zai kumbura itacen da ya rage, mai kuwa an gani. In aka zuba tuwo, wataƙila ya ɗauka sau ɗaya, wataƙila ya rabe a hannu.

Yaya ta ajiye shi. Sai aka shiga ciniki kamar a kasuwar dabbobi. Tuwon da ya huce fa? Da laima a jikinsa. Fura? Ruwa ce. Dambu? Da mai. Cuku? Shi ma da maiƙo. Ramla ta ce dabino ba laifi, in an shimfiɗa ƙyalle. Yaya ta ce dabino abin buɗa baki ne, ba a taɓa cewa maijego ta ci tuwon suna da dabino ba.

"To kun tashe shi don shi zamna shina kallonmu?"

Ta juyo gare ni ta tambaya tun yaushe na sani. Na faɗi gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗauki mazarinta ta yi mana sai da safe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ramla ta shiga ɗaki. Kadija ta ce kuka take, wai ita ma tun tana yarinya take jiran ranar da za ta ci a ciki. Wannan ban taɓa sani ba. Ita da bakinta ta kafa dokar.

Talata, 20 ga Mayu

Mace. Ramla ta sauka da hantsi, a matarnite, asibitin haihuwa, uwa da ɗiya lafiya. Alhamdu lillahi. Na zama kaka, na rasa abin yi, na wanke moto.

Juma'a, 23 ga Mayu

Yaya ta tare a gidan don wankan jego, ta kuma ƙwace madafa daga hannun Kadija. Ba ta ambaci akushi ba ko sau ɗaya. Yana ɗakina cikin ƙyalle.

Wani abu dai. Tun da ta karɓi tukunya, kullum tuwo sai ya kama. Yaya da ake aron ta gidajen biki don tuƙi. Kadija ta raɗa mini cewa da gangan take barin wuta, kuma ba ta yarda kowa ya wanke tukunyar, ita ke kankarewa. Kadija tana jin ɓacin rai ne ya taɓa Yaya, ko tsufa. Hankalina bai kwanta ba. Tuwon dai ina ci, ina yabawa, yana warin hayaƙi.

Litinin, 26 ga Mayu

Gobe suna. Rago ya iso, mutanen Yazidu sun iso daga Maradi, gida ya cika.

Da la'asar Yaya ta shigo ɗakina, ta ɗauki akushin ta fita. Na bi ta da ido. Na yi tunanin in karɓe in kulle. Ban yi ba. Nata ne, ita ta riƙe shi tun rasuwar Inna. In gobe ta zuba tuwo mai zafi a ciki ya rabe, aikinmu ya tafi, kuma jikata ba za ta gan shi ba sai a hoto. In ba ta zuba ba, Ramla ce mace ta farko a gidanmu da ba ta ci a ciki ba.

Itace ne fa, in ji wani mutum a watan jiya.

Talata, 27 ga Mayu

An raɗa suna da safe, A'ishatu. Sunan mahaifiyar Yazidu ne, amma Yaya ta ce nata ne, ba kuwa wanda ya gyara mata.

Da aka watse daga addu'a, maza suna cin goro a ƙofar gida, na ce bari in ɗauko ƙarin tabarma. Tabarma tana nan birjik. Na laɓe bayan zana inda ake hango ƙofar ɗakin maijego. Mata cike da tsakar gida, Ramla zaune kan sabuwar tabarma da jaririya a cinya.

Sai ga Yaya ta fito cikin zanenta na sallah, akushi a hannu biyu, an rufe da faifai. Idona yana kan faifan, ina neman tururi. Babu. Ta durƙusa gaban Ramla ta ajiye, ta buɗe.

Ƙanzo ne. Ƙanzon tuwon gero, busasshe ƙarau, an kankaro shi fale-fale, an shanya, an jera shi kan farin ƙyalle kamar wani abin sarauta. Ashe abin da ake ƙona mana tuwo saboda shi ke nan.

Yaya ta dubi Ramla.

"Da zahi?"

"Babu, Gwaggo."

"Da ruwa? Da mai?"

"Babu."

"Tuwo na, ko ba tuwo ba na?"

Ramla ta dubi akushin. Ta ce, "Tuwo na."

"To ci, ɗiyata."

Ta ɗauka ta gatsa, ƙarar ta kai har inda nake. Mata suka kwashe da dariya, wata daga cikin baƙin Maradi tana tambayar ko a Dakoro ƙanzo ake ba maijego, Kadija ta rufe ta da guɗa. Ramla tana tauna tana dariya, hawaye na zuba kan goshin jaririya. Yaya kuwa ta dafa bakin akushin, daidai wajen gyaran, tana kiran sunayen matan da suka ci a ciki, daga kakarmu har kanta, har Kadija, ta ƙare da Ramla. Ban san suna da yawa haka ba. Wasu na manta da su, wasu na yi musu wankan gawa da hannuna aka kai su. (A'a, maza na yi wa. Kaina ya ruɗe yau.) Na yi kuka a bayan zana, na farin ciki, ba kaɗan ba.

Daga baya aka kawo tuwo mai zafi da naman rago a kwano, ta ci ta ƙoshi. Na fita ba tabarma, Abarci ya tambaye ni ina take, na ce ta ƙare.

Da yamma na duba ƙyallen da ƙasan akushin. Ko ƙwayar gari babu.

Asabar, 7 ga Yuni

Sallar layya. Yaya ta kawo mini soyayyen nama a kwano, ta ce in ci da kyau, wannan bai kama ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ramla ta yi arba'in ta koma Yamai da 'yar tsohuwa, jikata, gida ya yi faɗi. Akushi ya koma kan kantar Yaya, a daro ya tafi yadda ya zo. Kafin ta tafi Ramla ta nuna mini yadda zan riƙa dubawa: farin ƙyalle a ƙarƙashi, a ɗaga a gani ko gari ya zubo, musamman yanzu da damina.

Kullum ina zuwa da safe. Ba wani abu ba ne, aikin likita ne, ba a sallamar majinyaci a manta da shi. In ɗaga, in duba, in ƙwanƙwasa, in mayar. Yaya ta ce ba haka ake riƙewa ba. Kafin in gama ta dama kunu, kuma tunda an dama ba a bari ya huce. Jiya har azahar ta same ni can, muna gardamar wace shekara aka haƙa rijiyar unguwarmu.

Yau an kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, moto ya ƙi tashi. Kadija ta ga ina naɗe ƙafar wando, ta tambaya ko ƙwarin ma da ƙafa suke zuwa cikin ruwa. Ban kula ta ba. Na tarar Yaya ta riga ta fito da ludayi biyu.

Gari babu.

Ramla ta ce sau ɗaya a wata ya isa. Wannan ban gaya wa Yaya ba, ita ma ba ta tambaya ba.